Yadda mafari zai riƙe sunayen dabarun judo na Japananci

Matashin da ya fara koyon judo a Katsina ko Daura yakan gamu da wahala biyu tun makon farko: koyon faɗuwa ba tare da jin ciwo ba, da fahimtar abin da malam yake kira da baki. Ta farkon jiki ne ke sabawa da ita sannu a hankali. Ta biyun kuwa takan karya gwiwar wasu, domin kowace dabara tana riƙe da sunanta na Japan, inda Jigoro Kano ya kafa makarantar Kodokan a birnin Tokyo a 1882, kuma da waɗannan sunaye ake koyarwa a Legas da Faris da ko'ina.

Kuskuren da na fi gani shi ne ɗalibi ya ɗauki suna a dunƙule ya yi ta nanatawa. Sunayen nan bayani ne na abin da jiki ke yi, an harhaɗa su daga ƙananan kalmomi, don haka a fara da warware su. O na nufin babba, ko ƙarami, soto waje, uchi ciki, gari kuma yanka irin wanda lauje ke yi wa ciyawa. Wanda ya riƙe waɗannan biyar ya mallaki sunaye huɗu a take: o soto gari, ko soto gari, o uchi gari da ko uchi gari. Duk wanda ya taɓa yankan ciyawa da lauje zai gane dalilin sunan o soto gari, domin ƙafarka ce laujen, tana zagayowa ta waje ta ɗebe ƙafar da abokin karawa ya dogara a kanta. Bayan haka sai a ƙara sassan jiki: te hannu, ashi ƙafa, hiza gwiwa, tai gangar jiki. Seoi kuwa ɗauka ce a baya kamar goyo, nage kuma jefawa, sai seoi nage ta fassara kanta.

Akwai tarko na musamman ga Bahaushe, kuma ya kamata a tsaya a kansa. Wasu kalmomin sun yi kama da namu a kunne alhali ma'anarsu daban ce. Goshi a judo kugu ne, saboda haka o goshi kayarwa ce da kugu, babu ruwanta da goshin da ke saman ido. Mata, a cikin uchi mata, cikin cinya take nufi. Shawarata ita ce ɗalibi ya dafa kugunsa duk lokacin da ya furta goshi, har hannu ya riga tunani isa wurin. Haka kuma kada ya ruɗe idan ya ga kalma ta sauya harafin farko a tsakiyar suna, domin ɗabi'ar harshen ce: koshi ta zama goshi, harai mai nufin shara ta zama barai, katame mai nufin dannewa ta zama gatame, kamar a kesa gatame.

Wajen furuci muna da sa'a, tunda wasulan Japananci biyar ne irin namu, kuma ninka baƙi ba baƙon abu ba ne ga mai cewa hannu da babba. Abin da aka rubuta ch shi ne c ɗinmu, a karanta uchi kamar uci. Harafin p ne ya fi bukatar horo, kada ippon, wato cikakken makin da ke ƙare wasa, ta koma iffon.

Game da tsari, bai dace a tunkari sunaye da yawa lokaci guda ba. Jerin Gokyo, wanda aka sake tsarawa a 1920, ya ƙunshi dabarun kayarwa 40 cikin rukuni 5, kowanne da 8. Rukunin farko ya ishi mafari aikin watanni: de ashi harai, hiza guruma, sasae tsurikomi ashi, uki goshi, o soto gari, o goshi, o uchi gari da seoi nage. Kamar yadda ɗan makarantar allo ba ya wanke allonsa sai ya biya karatu a gaban malam, haka ɗalibin judo kada ya matsa gaba sai an kira suna ya nuna dabarar, an nuna dabara ya faɗi sunanta.

Wurin da ya fi dacewa da wannan biyawa shi ne lokacin uchikomi, wato maimaita shiga dabara ba tare da kayarwa ba. Mai shiga, wanda ake kira tori, ya furta sunan a kowace shiga, abokinsa uke ya saurara ya gyara masa. Kafin duk wannan, tun ranar farko, a tabbatar an riƙe hajime, wato a fara, da mate, wato a dakata, domin wanda bai saki abokinsa ba da jin mate yana iya ji masa rauni.