Kurakuran da muke yi a kan dokar gasar kasuwanci

Ranar kasuwa, tun rana ba ta ɗaga ba, masu sayen shinkafa shanshera sun taru a rumfar shugaban ƙungiya an yanke magana: yau kada wanda ya wuce kaza a buhu. Manomi ya taso daga ƙauyen Kura da amalanke, ya zaga dillali biyar, duk bakinsu ɗaya. Mu muna ce wa wannan haɗin kai. A wurin doka kuwa haɗa baki ne a kan farashi, kuma laifi ne.

Dokar ita ce ta gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ta kafa FCCPC, hukumar tarayya mai kula da gasa da kare haƙƙin masu saye, a madadin tsohuwar hukumar kare masu saye ta CPC. Babban kuskurenmu shi ne ɗaukar cewa don manyan kamfanoni aka yi ta, irin su Meta mai Facebook, wanda hukumar ta ci tarar dala miliyan 220 a 2024. Ina! Dokar ba ta ware mai kwat ta bar mai rumfa ba. Kamfanin da aka kama da ƙayyade farashi ana iya cin sa tarar har kashi 10 cikin 100 na cinikinsa na bara, mutum kuma yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 3. Gyaran ba shi ne a rushe ƙungiya ba. Aikinta yana nan: daidaita mudu da tiya, biyan maigadi, sasanta rikicin bashi. Farashi dai a bar kowa ya yi cinikinsa, mai kaya ya ce albarka ko ya sallama.

Haka raba yanki. Lokacin riɗi a Jigawa, sai ka ji an ce wane ya riƙe garuruwan gabas, wane na yamma, baƙon da ya zo da kuɗi kuma a hana shi taya kaya sai ya bi ta hannun 'yan gida. Wannan ma dokar ta hana.

Masu saye su ma suna da nasu kuskuren. Da buhun masara ya tashi, sai a hau cewa ina hukuma. FCCPC ba hukumar yanke farashi ba ce, tsada kuma ita kaɗai ba laifi ba ce, don kuɗin mota da na taki ma suna ɗaga kaya. Ko ka tarar da farashi ɗaya a rumfa goma, ba ka riƙe hujja ba tukuna. Hujja ita ce shaidar an haɗa baki: saƙon murya a WhatsApp, takardar sanarwar ƙungiya, ko rasidin tarar da aka ci wani don ya karya farashi.

Akwai kuma rikita hukumomi. Rumbunan da aka rufe a Dawanau a Fabrairun 2024 kan zargin ɓoye kaya, hukumar karɓar ƙorafi da yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ce ta rufe su, ba FCCPC ba. FCCPC ta tarayya ce, ofisoshinta suna birni, ba za ta san abin da ake yi a kasuwar Maigatari ranar Alhamis ba sai an kai mata. In za ka kai, rubuta rana da kasuwa da irin kayan, ka haɗa da rasidinka, ka ajiye kwafi a gida.