Yadda ake barin kenel ya ba direban siriyal lambar na'ura da kansa

Yawancin masu fara rubuta direban UART (ƙofar siriyal) a Linux suna kwafo tsohon direba ne daga drivers/tty/serial su gyara, kuma tare da shi suke kwaso babbar lamba (major) 204 da ƙaramar lamba (minor) 64, lambobin da kenel ke gane na'ura da su. Wurin nan da masu shi. Direban PL011 na ARM mai ttyAMA a nan yake zaune, haka ma na Samsung mai ttySAC. Idan naka ya tarar wani ya riga shi, rajista za ta dawo da -EBUSY, ƙofar kuma ba za ta bayyana ba. Lambobin da aka riga aka raba suna cikin Documentation/admin-guide/devices.txt: 4 ta ttyS ce daga ƙaramar lamba 64, 188 ta ttyUSB, 166 ta ttyACM. Sabon direba ba shi da abin nema a wannan jeri. Ka bar kenel ya zaɓa maka.

Mataki na 1: Sa sifili

A cikin struct uart_driver ɗinka ka cike waɗannan:

.driver_name = "abc_uart",
.dev_name = "ttyAB",
.major = 0,
.minor = 0,
.nr = 6,

Da ka kira uart_register_driver, zai miƙa wa tty_register_driver, shi kuma in ya ga babbar lamba sifili ce sai ya kira alloc_chrdev_region maimakon register_chrdev_region. Ana fara rabo daga 254 ana saukowa zuwa 234, in waɗannan sun ƙare a koma 511 zuwa 384. Direban xilinx_uartps mai ttyPS haka yake yi, ka duba shi in kana son misali mai aiki.

Kada ka sa wa dev_name "ttyS". Lambarka ba za ta yi karo da ta direban 8250 ba, amma sunan zai yi karo a /sys/class/tty. Shi kuma nr ka sa iya adadin ƙofofin da guntun (chip) zai iya samu. Kenel na ware uart_state ɗaya ga kowace, don haka rubuta 256 alhali ƙofa shida gare ka ɓarnar ƙwaƙwalwa ce kawai.

Mataki na 2: San inda lambar take

Bayan rajista, filin major na uart_driver ɗinka yana nan a sifilinsa. Lambar da aka ba ka tana cikin tty_driver->major, tsarin da uart_register_driver ya gina ya rataya a jikin naka. Wanda ya buga filin farko a dmesg zai ga 0 ya ɗauka rabon bai yiwu ba, ya koma ya sa lamba da hannu. In babu larura ma kada direban ya ajiye lambar a wani wuri.

Mataki na 3: Lambar layi

A nan aikin yake lalacewa. Sifilin da ka sa babbar lamba kaɗai ya warware. Wace ƙofa ce ttyAB0, wacce ce ttyAB1, wannan kai za ka tsayar ta filin line na uart_port, kuma ƙaramar lambar kowace ƙofa minor_start ce a tara da line.

Abin da aka fi yi shi ne a ajiye ƙirga a ƙara mata ɗaya duk lokacin da aka kira probe, aikin da kenel ke kira wa kowace ƙofa da ya gano. Yana aiki a kan tebur, sai ranar da wata ƙofa ta dawo da -EPROBE_DEFER domin agogonta ko DMA bai shirya ba. Ta bayanta sai ta riga ta, sunaye su juye, konsol ya koma ƙofar da aka haɗa wa GPS. Ga kuma wata matsalar: duk probe da aka jinkirta ya ci lamba ɗaya, kuma in line ya kai nr, uart_add_one_port zai ƙi da -EINVAL.

Hanyar da ta dace ita ce ka fara tambayar bishiyar na'urori (device tree). Ka kira of_alias_get_id da kalmar "serial", wanda zai karanto serial0, serial1 da sauransu daga sashen aliases. In ya dawo da lamba, ita ce line, bayan ka tabbatar ba ta kai nr ba. In ya dawo da kuskure, wato ƙofar ba ta da laƙabi, sai ka nemi lamba daga IDA, mai rabon lambobi na kenel, da ida_alloc_range.

Amma kada IDA ta fara daga sifili. A ce UART ta uku ba ta da laƙabi kuma ita aka fara gwadawa: za ta ɗauki 0, sannan mai laƙabin serial0 ta zo ta tarar an zauna mata a wuri. Ka kira of_alias_get_highest_id ka san laƙabi mafi girma, marasa laƙabi su fara daga samansa zuwa nr a cire ɗaya. Masu laƙabin ma ka yi musu rajista a IDA ɗin, ka ba ida_alloc_range lambar a matsayin farko da ƙarshe, ta yadda in an maimaita lamba za ka samu -ENOSPC nan take maimakon ka jira uart_add_one_port ya ƙi ƙofa ta biyu da -EINVAL. Kuma duk hanyar kuskure a probe, har da ta jinkiri, dole ta bi ta ida_free.

A ganina kowace UART da ke aiki a allo ya kamata ta samu laƙabi. Layi ɗaya ne a fayil ɗin dts na bishiyar na'urori, kuma ya fi duk wata dabara a direba arha.

Mataki na 4: Rajista sau ɗaya

uart_driver ɗaya ga dukan ƙofofin, ba ɗaya ga kowace ba. In ka yi wa kowace ƙofa nata, kowace za ta cinye babbar lamba guda, alhali 21 ne kacal a zangon farko, kuma gpiochip da rtc da sauran direbobi duk daga nan suke ɗiba. Ka yi rajistar a module_init. Wasu direbobi, irin su PL011, suna jira sai probe na farko su duba filin state. In ka bi wannan, ka kare wurin da mutex.

Mataki na 5: Kawar da lambobin da aka rubuta da hannu

Babbar lambar na iya canzawa in an sauya kenel ko jerin lodin direbobi. Duk wani mknod da ke cikin rubutun tashin na'ura, ko tsayayyen teburin /dev, ko dokar cgroup mai ambaton lamba, yanzu tarko ne: fayil ɗin zai kasance, amma ya nuna wata na'urar daban. Ka kunna CONFIG_DEVTMPFS. In da initramfs kake tashi, CONFIG_DEVTMPFS_MOUNT ba zai ɗora maka shi ba, sai ka ɗora da kanka. Konsol ba ruwansa da lamba, suna yake bi, don haka console=ttyAB0,115200 na nan daram muddin line bai motsa ba.

Mataki na 6: Dubawa da cirewa

/proc/tty/drivers zai nuna maka babbar lamba da zangon ƙanana, /sys/class/tty/ttyAB0/dev kuma ya nuna na ƙofa ɗaya. Ka gwada su da abin da ls -l /dev/ttyAB0 ya bayar. Wajen cirewa, uart_remove_one_port tukuna, sai ida_free, uart_unregister_driver a ƙarshe bayan duk ƙofofin sun fita. Ka yi unbind da bind, wato raba ƙofa da direba da mayar da ita, sau da yawa a jere. In ƙofa marar laƙabi ta dawo da wata lamba daban, ko mai laƙabi ta ƙi da -ENOSPC, akwai hanyar da ba ta sakin lambarta.