Kurakuran da aka fi yi wajen sa wa birkin injin kamun kifin teku giris

Abu ɗaya ya ishe ni gani. Mutum zai miƙo mini injin sandarsa yana huci, wai birki ya mutu, kamfani sun cuce shi. In na kwance sai in tarar kamfani ba su da laifin komai, hannun mai injin ne ya yi ɓarnar, kuma yawanci a wajen sa giris. Ni ma na taɓa yin irin wannan ɓarna har sau biyu, duk biyun kuwa na ji a jikina.

Ga wanda bai taɓa buɗewa ba, birkin nan jerin washa ne da aka ɗora ɗaya bisa ɗaya, ta ƙarfe, mai taushi, ta ƙarfe, mai taushi. Wasu na ƙarfen suna kama sandar tsakiya, wasu kuma masu kunnuwa ne, suna bin abin da ke juyawa. In ka ɗaure birki ka matse su ke nan. Kifi ya ja, sai su riƙa gogar juna suna sakin zare a hankali. Abin da ake nema a wurinsu guda ne: su fara saki sumul, babu fizga. Washa busasshiya takan cije kafin ta motsa, kuma a wannan cijewar ta ƙiftawar ido zare yake tsinkewa. Aikin giris shi ne ya kashe wannan fizgar ya kuma tare ruwa.

Kuskuren farko, wanda ya fi ƙona mini rai, shi ne ɗaukar kowane giris a matsayin giris. Lokacin da na sauya washar injina zuwa ta kabon, wadda ake saƙawa da zaren kabon kamar tabarma, sai na duba akwatin kayan aiki na ga gwangwanin giris ɗin boris na mota. Na ce ai duk tafiyar ɗaya ce. Na lafta shi son raina, na haɗa, na ja zare da hannu, na ji laushi kamar alhariri. Sai ranar da wani ƙaton kifi ya ɗauki ƙugiya ya miƙe. Da farko komai lafiya. Can birki ya ɗau zafi, giris ya tsinke ya zama ruwa, na ji zare yana zuba babu wani riƙo. Na ƙara ɗaurewa, na sake ƙarawa. Kifin ya ɗan tsaya, zaren da ke kan kwarkwaro, wato abin da ake naɗe zaren a jikinsa, ya kusa rabi. Da ya sake zabura, sai na ji kan sanda ya yi kat sau ɗaya, shi ke nan, zare ya dawo mini fayau yana lilo a iska. Ko ganin kifin ban yi ba. Da na buɗe injin daga baya, abin da ke tsakanin washar ya zama baƙin taɓo mai ƙaurin ƙuna, wani wuri a jiƙe, wani wuri a bushe ƙayau.

Laifi biyu ne suka haɗu a ranar. Giris ɗin ba na wurin ba ne, ni kuma na manta cewa birki yana ƙara ƙarfi da kansa yayin da zare ke raguwa. In naɗin zaren da ke kan kwarkwaro, haɗe da kwarkwaron, ya koma rabin faɗinsa na farko, ƙarfin birki ya ninka biyu ko ba ka taɓa komai ba. To ina ga wanda ya ƙara ɗaurewa?

Giris na birki daban ake yin sa. Akwai sinadarin Teflon mai sa santsi a ciki, kuma an yi shi ne don ya jure zafi da matsi ba tare da ya gudu ba. Wanda aka fi sani shi ne na Cal's, mai launin ƙasa-ƙasa don amfanin yau da kullum da mai launin shunayya don wurare masu tsananin sanyi. Kamfanin Shimano, masu ƙera injinan kamun kifi, ma suna da nasu. Ƙaramin gwangwani ɗaya zai kai ka shekaru. Don Allah a daina rowar abin da bai kai kuɗin zaren da za a yi asara ba. Kuma man gama-gari, irin na keken ɗinki ko na inji, ba shi da wuri a kan washar kabon.

Batun yawa kuwa, an sha bamban a kai. Akwai ƙwararrun da ke cewa ka lafta kawai, rarar za ta matso waje da kanta in an ɗaure. Gaskiya ne tana matsowa. Tambayata ita ce, in ta matso ina za ta? Na sha tarar da ita ta gangara cikin boris ɗin nan mai hana hannu komawa baya, kuma wannan boris ɗin in giris mai kauri ya shige shi sai ya fara zamewa, hannun inji ya juyo ya bugi yatsunka kifi yana ja. Saboda haka ni ga yadda nake yi: in ɗan lakato a kan yatsa, abin da bai fi ƙwayar shinkafa biyu ba ga ƙaramar washa, in murza shi ya shiga cikin saƙar gaba da baya, in bi bakin washar da ramin tsakiya, sannan in goge da tsumma mai tsabta har sai na ga zanen saƙar ya fito yana ɗan ƙyalli. In ban ga saƙar ba, giris ya yi yawa.

Kuskure na biyu ya fi na farko tsada, don wannan ƙarfen injin ya ci. Wani inji nawa na bar washarsa a bushe, na dawo daga teku a gajiye, na jingine shi da birki a ɗaure tamau. Watanni suka wuce. Da na tashi amfani da shi, kwarkwaro ya ƙi motsi ko kaɗan. Sai da na sa bakin wuƙa na ɓamɓare washar, a ƙarƙashinta kuwa ga farin gari kamar toka, ga ramuka ƙanana birjik a jikin alminiyon kamar fuskar da agana ta ci. Wurin da ya kamata ya zama sumul kamar madubi ya zama dutsen niƙa. Duk sabuwar washar da ka ɗora a kai zai cinye ta. Dole na sayi wani kwarkwaron.

Ku saurara, masu cewa ai ɗan feshin ruwa ne kawai ya taɓa shi. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35. Ruwan zai bushe, gishirin yana nan daram, yana kuma jawo laima daga iska. Kabon yana ɗaukar lantarki, don haka in ya haɗu da alminiyon da ruwan gishiri a tsakaninsu, ka haɗa ƙaramin batir ke nan, kuma alminiyon ne ke narkewa. Kai kana barci, injinka yana cin kansa. Siririn giris tsakanin kabon da ƙarfe shi ne katangar da ke raba su. Na san wasu kamfanoni sun ƙera birkinsu don ya yi aiki a bushe, kuma in injinka sabo ne yana ƙarƙashin garanti, karanta takardarsa kafin ka taɓa. Na kuma san giris yakan ɗan rage iyakar ƙarfin birki. Ni dai duk injin da zai shiga ruwan gishiri sai na sa masa. Gara in rasa ɗan ƙarfin da ba na ma kaiwa gare shi da in sake ganin wancan farin garin.

Wankin bayan dawowa ma ana juya shi. Ɗaure birki tukuna don kada ruwa ya sami hanya, ka yayyafa ruwan daɗi a hankali, ka goge, ka bari ya bushe, sannan ka sassauta birkin gaba ɗaya kafin ka ajiye. Masu sa bakin tiyo mai ƙarfi suna tura gishirin ciki ne da hannunsu.

Sauran ƙanana ne, amma suna nan kullum. Kada a ɗora sabon giris kan tsoho. A wanke washar kabon da sifirit ko man laita, a bari ta bushe sarai. WD-40 narkar da giris yake yi, a nisanta shi da birki. Washar ulu da aka danne, wadda ke zuwa a ƙananan injuna da yawa, ba ta son dirza, kuma in ta baje ta yi sheƙi sauya ta za a yi, babu giris ɗin da zai tashe ta. Kafin ka cire komai ɗauki hoto da wayarka, ka jera washar a kan farin ƙyalle yadda suka fito, musamman masu lanƙwasa kamar faranti da ke aikin sifirin, don in ka kifa ɗaya ba daidai ba duk ma'aunin birkin ya sauya. Wani lokacin kuma birkin lafiyarsa lau, zaren kitso, wato wanda aka kitsa da siraran zaruruwa, shi ne ke zamewa gaba ɗaya a kan kwarkwaro saboda ba a fara naɗa zaren roba a ƙarƙashinsa ba. Sa alama da biro a kan zaren da gefen kwarkwaro, ka ja, za ka gani.

Bayan ka haɗa, kada ka yarda da ma'aunin da ka saba, don sabon giris ya canza shi. Ɗora injin a sanda, ka bi da zare ta zobba, ka ɗaura a sikelin rataye, wani ya riƙe maka. Ka'idar da aka saba ita ce kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zare, wato zare mai ɗaukar kilo 15 a sa masa birkin kilo 4 zuwa 5. Yayin da kake ja, idonka ya tsaya a kan sandar. In kan ya lanƙwasa ya tsaya cak zare yana fita, aiki ya yi. In yana rawa sama da ƙasa, sake buɗewa ka duba ko akwai washar da ta karkace ko wurin da giris bai kai ba.