Ga masu sa ƙwayar Nitroglycerin a ƙarƙashin harshe

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda likita ya rubuta wa wannan ƙwaya saboda ciwon ƙirji na zuciya, don Allah ya zauna kafin ya sa ta. Aikinta buɗe jijiyoyin jini ne don nauyi ya ragu a kan zuciya, shi ya sa jini ke sauka nan take, jiri ya kwashi mutum idan yana tsaye. Ba a haɗiye ta, a bar ta ta narke. Ciwon kan da ke biyo baya ba abin tsoro ba ne. Amma in minti 5 ta wuce ƙirji bai lafa ba, a nufi asibiti, kada a tsaya jira.

Abin da ya fi damuna shi ne maganin ƙarfin maza. Wanda ya sha Viagra cikin awa 24, ko Cialis cikin awa 48, kada ya kuskura ya sa wannan ƙwaya, domin jini na iya faɗuwa har rai ya salwanta. Wasu haɗe-haɗen da ake tallarsu a tasha da kasuwa ma ana cusa musu sinadarin a ɓoye. Alhazanmu, ku cire kunya ku faɗa wa likita gaskiya.

Kwalbar kuma a rufe ta da kyau, kada a bar ta cikin mota a rana.