Shawara ga masu amfani da Zotero

Salam 'yan uwa, musamman ku 'yan masters da PhD na BUK, dan Allah in za ku haɗa rubutunku da littattafan da ke cikin Zotero, manhajar adana bayanan littattafai da takardun bincike, kar ku dogara da sunan da manhajar ke ƙirƙiro wa kowane littafi da kanta (citation key), wato sunan marubuci da shekara. Ni ya taɓa cina wallahi, na gyara shekarar wani littafi kawai sai sunan ya canza, duk inda na kawo shi a babi na biyu ya ɓace, ga supervisor na jira.

Abin da nake yi yanzu, in takarda tana da DOI, wato lambar shaidarta ta dindindin, wanda ke farawa da 10., shi nake riƙewa tunda ko mujallar ta canza adireshinta na intanet shi yana nan. Littafi kuma ISBN, wato lambar shaidar littafi, mai lamba 13, amma fa ku lura kowane bugu da tasa lambar. Littattafanmu na Kasuwar Kurmi da ba su da ko ɗaya, sai ka ba su suna da hannunka a Better BibTeX, wato ƙarin manhajar da ake saka wa Zotero, tun ranar farko.