Yadda ake share kash ɗin fayil a Linux, in har sai ka share

Shekaranjiya wani ƙanena da ke karatun kwamfuta a jami'ar Danfodiyo ya iske ni shago da laftof ɗinshi mai ram giga 4, zufa na zuba, wai yaya duba mini Ubuntu ta cinye mini ram kaf. Na ce buɗe taminal ka buga free -h mu gani. Da munka duba, gurin free saura ƴan mega kaɗan, amma buff/cache ya cika maƙil, shi kuwa available yana nan da yawanshi. To ai lafiya lau kwamfutar take, available ɗin nan, wato ram ɗin da manhajoji za su iya samu in sun nema, shi ake kallo.

Kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin da ke sarrafa injin, duk fayil ɗin da ka buɗe sai ya aje kwafinshi cikin ram, wannan kwafin shi ake kira kash, kamar dai ruwan da anka jawo daga rijiya anka zuba randa, in ƙishi ya taso ba sai an sake ɗaukar guga ba. Diski shi ne rijiyar. Kuma da wata manhaja ta nemi wuri, kanel da kanshi zai zubar da wani ya ba ta.

Amma tunda ya nace sai an share kash ɗin, ga yadda ake yi. Fara buga sync, wannan shi ke tura duk abin da bai riga ya sauka kan diski ba ya sauka, don kanel ba ya zubar da abin da ba a rubuta ba tukuna, in ka tsallake shi ba ka yi asarar komai amma wurin da za ka samu zai ragu. Sai ka buga

echo 3 | sudo tee /proc/sys/vm/drop_caches

ka sa fasuwod ɗinka. Lamba 1 kwafin fayilolin kaɗai take sharewa, 2 tana share bayanan sunaye da foldoji wato dentries da inodes, 3 kuma ta haɗa duka. Tun Linux 2.6.16 a 2006 anka shigo da wannan fayil ɗin.

Inda mutane ke faɗawa, ni ma na faɗa lokacin da nake koyo, shi ne su rubuta sudo echo 3 sannan alamar > da sunan fayil ɗin, sai ta ce Permission denied, ka yi ta mamaki alhali ka sa sudo, wanda ke ba umarni ikon rut, wato babban mai iko a kan injin. Ashe sudon kan echo kaɗai ya tsaya, shel ɗinka, wato manhajar da ke karɓar umarninka a taminal, shi ke buɗe fayil ɗin kuma shi ba shi da ikon rut. Shi ya sa ake bi ta tee, ko ka yi sudo sysctl -w vm.drop_caches=3 ka huta.

Sake buga free -h za ka ga kash ya faɗi, ko da yake abin da ke cikin tmpfs, wato fayilolin da mazauninsu ram ne ba diski ba, ba ya tafiya. Sai dai fa bayan nan komai ka buɗe zai ja ƙafa na ɗan lokaci, balle tsohon diski mai juyawa, ka zubar da randa sai jan guga. Ni ina amfani da shi ne kawai in zan gwada saurin diski, don kar kash ya yi mini ƙarya. Masu sa shi cikin cron, wato manhajar da ke buga umarni da kanta in lokacin da aka sa mata ya yi, yana gudu duk awa a kan saba, wallahi wahalar da injin kawai suke.

Yaron nan kuwa da munka buga top, umarnin da ke nuna manhajojin da ke gudu da ram ɗin da suke ci, Chrome ne da shafuka barkatai a buɗe. Na ce rufe rabi.