Darasi na 7: Idan Baƙo Ya Yi Sallama

Baƙo ba kullum yake aiko da saƙo ba. Wani lokaci uwargida na tsakiyar tuƙa tuwo, sai a ji sallama a ƙofar gida. Shi ya sa ake shirin baƙo tun da safe, lokacin shara da wanke-wanke. A share zaure, a kakkaɓe tabarma ɗaya mai kyau a naɗe ta a jingine. A cika buta.

Idan namiji ne, maigida ya tarbe shi a zaure. Idan maigida ba ya nan, a tura yaro ya shimfiɗa masa tabarma, ya gaya masa lokacin dawowarsa. Mace kuwa har ɗaki ake shigo da ita.

"Maraba, lale! Sannu da zuwa, Inna. Bismillah, ga wuri."

Kada a fara tambayar abin da ya kawo mutum. Ruwa tukuna. Bayan ya sha ya huta, sai a sake gaisawa a tsanake: ina gajiya, yaya aka baro mutanen gida.

A kan ruwan nan ne gidaje da yawa ke sakaci. Randa tana sanyaya ruwa, amma ba ta kashe ƙwayoyin cuta. Ruwan rijiya ko na 'yan garuwa, a tafasa shi sosai, a bari ya huce, sannan a juye a randar da aka wanke. A rufe ta da faifai ko murfi. Moɗa ɗaya ce ta ɗiba, kuma ba a kai ta baki. A ɗiba a zuba a kofi, a rataye moɗar, kada a ajiye ta a ƙasa inda kaji ke bi. Yaro ya sha da moɗa ya mayar da ita cikin randa, gobe kowa ya kama gudawa, a ce sammu ne. Da damina, lokacin da kwalara ta fi yaɗuwa, a ƙara kula.

Abinci kuma, abin da ke akwai shi za a kawo. Fura da nono, kunu, ko tuwon da aka tuƙa wa gida, duk sun isa. Cin bashi don a yanka wa baƙo kaza ba burgewa ba ce, domin bayan ya tafi mai bashi zai zo. Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye ba a kan wuta ba. In ɗumame ne, a ɗumama shi har ya yi tururi ciki da waje. A kawo ruwan wanke hannu da sabulu, a zuba wa baƙo daga buta, kada kowa ya tsoma hannu a kwano ɗaya.

Mai kwana, a nuna masa banɗaki da alƙibla tun kafin ya tambaya, don wani kunya za ta hana shi. A ɗaura masa gidan sauro. Hadisi ya nuna cewa liyafar baƙo kwana 3 ce, abin da ya ƙaru sadaka ne. Ranar tafiya a taka masa, a ce ya gaida gida.

Aikin gida: duba randarku yau. Tana da murfi? Ina ake ajiye moɗa? Rubuta amsarka cikin jimla 2, ka zo da ita aji.